Gaza a idon mai auna dantsen yara

Aikina auna yara ne. Na fara shi a 2005, shekarar da Maradi ta shiga bakin duniya saboda yunwa, ba don kasuwancinta ba, har yau kuwa ban aje shi ba. Kayan aikin kaɗan ne: sikeli mai ratayen wando, allon auna tsawo, sai wani ɗan zaren roba mai launi uku da muke zagaya wa dantsen yaro na hagu, tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu. In ya tsaya a kore, uwa ta koma gida da godiyar Allah. In ya faɗa ruwan ɗorawa, wato tsakanin milimita 115 da 125, yaro ya soma zamewa. In ya shiga ja, ƙasa da 115, tamowa ce mai tsanani, ba a jiran gobe. Wanda bai san girman milimita 115 ba, ya haɗa babban yatsansa da manuniya ya yi zobe. Dantsen ɗan shekara biyu ke nan zai shige ta ciki.

Shi ya sa hotunan Gaza da ke shigo mana a salula, kallon da nake musu daban ne. Jama'a suna ganin ƙura da ɓaraguzan benaye da jerin likkafani, su yi salati su tura wa na gaba. Ni idona kan dantse yake fara sauka. Daga nan gashi, ko ya yi ja ya soma karyewa. Sai fatar cinya, ko ta saki ta tattare. Sai bayan ƙafa, don akwai tamowar da ke zuwa da kumburi har uwa ta ɗauka ɗanta ƙiba ya yi. Mukan danna da yatsa mu ƙirga uku, in rami ya zauna, to ita ce. Abu na ƙarshe, ko yaron yana kuka. Mai kuka da sauran ƙarfinsa. Wanda ke tayar mana da hankali shi ne wanda ya yi lamo a jikin uwarsa, ido buɗe, ƙuda ya sauka a leɓensa bai kore ba. Irinsu na gani a hotunan asibitin Kamal Adwan farkon 2024, na sake ganinsu birjik a na asibitin Nasser da ke Khan Yunis lokacin da mu muke tsakiyar daminar 2025.

Kafin wannan yaƙi tamowa baƙuwa ce a Gaza. Cikin yara 100 ƴan ƙasa da shekara biyar, ko ɗaya ba ya cika. Mu nan jihar Maradi, ko shekarar da aka ce an yi albarka, bincike kan nuna sama da 10 cikin 100. Su ma talakawa ne, a tsare suke tun 2007, akasarinsu da taimakon abinci suke rufa asiri, amma ƴaƴansu ba sa rama irin ta namu. Sai ga shi a Fabrairun 2024 UNICEF ta ce a arewacin Gaza yaro 1 cikin 6 na ƴan ƙasa da shekara biyu ya kamu. Da wata ya zagayo ta ce ya kusa 1 cikin 3. Duk wanda ya taɓa riƙe rajistar awo ya san fari ba ya gudu haka. Fari sannu yake cin gida: rumbu ya yi ƙasa, a sayar da akuya, a daina tuwon dare, maigida ya tafi ci-rani, sai bayan watanni abin ya bayyana a dantsen yaro. Ninkawa cikin wata guda, wannan sai in an toshe wa mutane baki ne gaba ɗaya.

Bari in tuna wa ƴan baya yadda tamu ta kasance. Daminar 2004 ta ɗauke da wuri, fara ta sauka ta ƙarasa abin da ya rage a wasu wurare. Hatsi bai ɓace daga kasuwa ba, kuɗinsa ne ya fi ƙarfin talaka. Buhun geron da aka saba saye wajen jikka 10 bayan kaka ya haura jikka 25. Mata suka koma ga anza da jiga da tafasa, anza kuwa sai an jiƙa ta kwana da kwanaki ana zubar da ruwan kafin ɗacinta ya bari a haɗiya. Manya suka daɗe suna cewa a sayar da hatsi da rahusa, kada a raba kyauta a ɓata kasuwa, alhali wanda ba shi da ko dala rahusa ba ta tsinana masa komai. Shugaba Tandja, Allah ya jiƙansa, ya tsaya kai da fata ba yunwa a ƙasar. Sai da BBC ta nuna yaran Maradi a watan Yuli sannan masu kuɗin duniya suka motsa. Wannan jan ƙafa ya ci rayuka, wasu a hannuna suka cika, kuma ba na wanke kowa.

Amma ranar da aka motsa, hanya a buɗe take. Jirage suka sauka, tireloli suka biyo kwalta, babu wanda ya tare su. Uwar da ta taso daga ƙauyen Dakoro ko Mayahi da goyo, rana ce abokiyar gabarta, da nisa, da ƙaya. Babu mai auna ta da bindiga. Ƙungiyar likitoci ta MSF kaɗai ta yi jinyar yara sama da 60,000 masu tamowa mai tsanani a Nijar a shekarar, mafi yawansu a jiharmu. Abin da ya sa aka iya shi ne ledar nan ta Plumpy'Nut: markaɗaɗɗiyar gyaɗa da madarar gari da sukari da mai da sinadarai, giram 92, kalori 500. Ba ta son ruwa, ba ta son murhu, ba ta son firiji. Uwa ta karɓi ta mako ta tafi gida, ta dawo a sake auna. Cikin mako shida zuwa takwas, yaron da aka kawo ana cewa ba zai kwana ba sai ki gan shi yana fizgar ledar daga hannun uwarsa. A ƙasar nan aka fara gwada wannan hanya kan yara masu yawa haka, har a Yamai ake yin ledar yanzu. Tamowa ciwo ce mai magani, maganin mai araha ne, kuma shekara ashirin ke nan kowa ya san shi.

Zirin Gaza tsawonsa kilomita 41 ne, bai kai daga nan zuwa Jibiya ba, faɗinsa 6 zuwa 12. A ciki mutum sama da miliyan 2, kusan rabinsu yara. Yamma teku ce, jiragen yaƙin Isra'ila na gadinta. Gabas da arewa katanga da waya. Kudu iyakar Masar ce da ƙofar Rafah, wadda sojojin Isra'ila suka karɓe ta ɓangaren Gaza a Mayun 2024. Ranar 7 ga Oktoban 2023 mayaƙan Hamas suka tsallaka suka kashe mutum wajen 1,200, akasari fararen hula, suka kwashi wajen 250, har da jarirai da tsofaffi. Ba zan tsallake wannan ba, don uwar da aka raba da goyonta uwa ce ko da wane harshe take kuka. Bayan kwana biyu ministan tsaron Isra'ila na lokacin, Yoav Gallant, ya fito ya ce an rufe Gaza ruf: ba wuta, ba abinci, ba mai. A gaban kyamara ya faɗa, ba a ɓoye ba. Jaririn da ke shan nono a Jabaliya ran nan bai san Hamas ba, bai san Gallant ba.

Da, motocin kaya wajen 500 ke shiga kowace ranar aiki. Tun daga nan sai yadda mai ƙofa ya ga dama: yau a bar kaɗan, gobe a juya mota don an ga almakashi cikin kayan jinyar yara. Mafi muni ita ce ta 2025. Daga 2 ga Maris, farkon azumi, har 19 ga Mayu, mako 11, ko buhu ɗaya bai shiga ba. Gidajen burodi 25 da Hukumar Abinci ta Duniya ke ba gari suka kashe wuta tun ƙarshen Maris. Ranar 25 ga Afrilu hukumar ta ce abin da ke rumbunanta cikin Gaza ya ƙare ƙat, alhali tana da tan 116,000 a waje, cimar mutum miliyan ɗaya ta wata huɗu, tana jiran a ce bisimilla.

Ƙanena direban babbar mota ne, Maradi zuwa Kano yake yi. Ina wannan magana a tsakar gida ya ce, "Yaya, ai mu ma mun ɗanɗana. Ko kin manta da takunkumin CEDEAO?" Ina zan manta? Bayan juyin mulkin Yulin 2023 wannan ƙungiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma ta sa aka rufe mana iyaka, Najeriya ta yanke wuta, motocin magani da na abincin tamowa suka yi jerin gwano a iyakar Benin, shinkafa ta yi tashin gwauron zabi. Inna tana gefe tana tsinkar zogale ta sa baki, wai wannan wasan yara ne in an tuna El-Buhari, yunwar 1984, da fari ya haɗu da rufe iyaka. Na ce masa, "To Auta, tsakaninka da Allah, da aka rufe, kwana nawa aka yi ba garin rogo da taliyar Najeriya a kasuwa?" Ya yi dariya, don shi da kansa ya san hanyoyin. Iyakarmu da Najeriya kilomita wajen 1,500 ce ta daji da gonaki. A rufe Ɗan Isa, babura su bi ta bayan gari, jakuna su ratsa gulbi, kuma geronka na gonarka. Mutumin Gaza ba shi da ɓarauniyar hanya. Ramukan da aka taɓa haƙawa zuwa Masar, ita Masar ta rushe akasarinsu tun shekarun baya. Masunci ya tura kwalekwale teku a harbe shi.

Akwai kuma abin da ba ya fitowa a hoto. Ledar gyaɗa ta mai iya ci ce. Kafin mu bar uwa ta tafi da ita, mukan zaunar da ita a inuwa, ta wanke hannu, ta ba yaro a gabanmu mu gani. Wanda ya kau da kai, ko mai zazzaɓi, ko mai gudawa, ko wanda kumburi ya kai masa fuska, wannan kwanciya zai yi, kuma nan ne aikin yake da wuya. Cikin da ya daɗe ba komai ba a cika shi. Ki ɗura masa abinci mai nauyi don tausayi, zuciyarsa ta tsaya. Madara ce ta musamman, F-75, a dama da tafasasshen ruwa, a ba shi da cokali ko ta bututun hanci duk bayan awa biyu ko uku, dare da rana. Tsakar dare ce mai haɗari: sukarin jini ya faɗi, jiki ya yi ƙanƙara, har a zafin Afrilun Maradi mukan lulluɓe su da bargo mu sa musu hula. Sai da ma'aikaciyar da za ta tada uwa ƙarfe biyu da ƙarfe biyar, sai da fitila, sai da ruwa mai tsabta, sai da magani, sai kuma an bar yaron a gado ɗaya kwana bakwai ko goma.

Wanne ake da shi a Gaza? Tun kafin yaƙi sama da kashi 90 cikin 100 na ruwan rijiyoyinsu ba ya shayuwa, gishiri da ƙazanta sun shige shi. Da injinan tace ruwa suke rayuwa, su kuma wuta da mai suke ci. A Disamban 2023 UNICEF ta ce yaran da suka gudu kudu lita 1.5 zuwa 2 suke samu a wuni, alhali ma'aunin da aka sa wa ɗan gudun hijira, sha da girki da wanka, lita 15 ne. A Maris na 2025 aka yanke wutar babban injin Deir al-Balah. Da wannan ruwa za a dama madarar yaron da gudawa ɗaya ta isa ta tafi da shi. A asibitin Shifa, Nuwamban 2023, bakwaini aka ciro daga kwalaben da wuta ta ɗauke musu, aka jera su kan gado ana nannaɗe su don su ɗuma juna. 31 aka samu fitarwa da rai, wasu ba su kai ba. Maganar kwana goma a gado ɗaya kuwa ba ta ma taso ba: mutum 9 cikin 10 sun bar gidajensu, da yawa ba sau ɗaya ba ba sau biyar ba, duk sa'ad da takarda ta faɗo daga sama ta ce a tashi. Asibitoci 36 ne a zirin, kusan babu wanda yaƙin bai taɓa ba, ma'aikatan lafiya da aka kashe sun haura 1,000. A hunturun ƙarshen 2024 jarirai sun mutu da sanyi cikin tantuna a bakin teku.

Da aka so, an nuna ana iyawa. Agustan 2024 shan inna ta kama wani jariri ɗan wata goma, karon farko a Gaza cikin shekara 25. Kowa ya tsorata, don wannan cuta ba ta san katanga ba. Nan da nan aka yarda a riƙa tsagaita wuta na wasu awoyi yanki-yanki, ma'aikata suka fita da kulolin rigakafi, cikin ƙasa da mako biyu suka ɗiga wa yara wajen 560,000. Mu da muka sha yawon gida-gida da alli muna zana bango mun san girman wannan aiki. Mutanen suna nan, sun iya aikinsu. Hanya kawai ake hana su.

Ƙarshen Mayun 2025 aka fito da wani sabon tsari, gidauniyar GHF da Amurka da Isra'ila suka mara wa baya. Wuraren rabo wajen 400 da Majalisar Ɗinkin Duniya da ƙungiyoyi ke da su cikin unguwanni, aka maye su da guda 4 a yankin sojoji, ƴan kwangila masu bindiga na gadi. Ni na san rabo. Kusa da mabuƙaci ake kai shi, a rubuta suna, a ba da kati, a yi rumfa, a aje randa, a sa mai ciki da mai goyo gaba. Can kuwa a buɗe ƙofa na ƴan mintoci, mai ƙarfi ya ɗiba, gwauruwa mai marayu huɗu ta koma hannu rabbana bayan ta taka kilomitoci cikin duhun asuba. Zuwa ƙarshen Yuli ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar ya ƙirga mutum sama da 1,300 da aka kashe wajen neman abinci, sama da 850 a kewayen wuraren nan huɗu, ya kuma ce akasari harbin sojojin Isra'ila ne.

Hujjar Isra'ila ita ce Hamas na sace kayan. Majalisar ta ce ba ta ga shaidar sata mai tsari daga kayanta ba, wani binciken cikin gida na hukumar agajin Amurka ma haka ya samu. An fasa motoci, wannan gaskiya ne, mayunwata sun fasa, ƴan daba sun fasa. Mu ma nan ba waliyyai ba ne. Wa bai taɓa ganin ledar tamowa a teburin mai shago ba? Uwa ta sayar da biyu ta auno tiyar gero don sauran yaran da ke gida. Maganin da muka sani shi ne a ƙara sa ido, a kuma ba gidan hatsi har ledar ta daina daraja a kasuwa. Ban taɓa jin wanda ya ce a kulle cibiya a bar yaran gari duka don an ga leda a shago ba. Can ma, lokacin tsagaita wutar Janairun 2025 da motoci suka shiga da yawa, farashi ya sauko, fashin ya ja baya.

Ranar 22 ga Agustan 2025 kwamitin IPC, mai auna matakan yunwa a duniya, ya ce birnin Gaza da kewayensa sun kai matakin ƙarshe. Wannan kwamiti ba ya saurin buɗe baki. Sai gida 1 cikin 5 ya rasa abinci ƙarƙaf, tamowa ta kama yara 30 cikin 100 a awon nauyi da tsawo ko 15 a awon dantse, mutum 2 cikin 10,000 na mutuwa kullum. Kafin Gaza, Somaliya a 2011, Sudan ta Kudu a 2017 da 2020, sai Sudan a 2024 kaɗai ya faɗa wa haka. Ya ce mutum sama da rabin miliyan na ciki, yara 132,000 kuma tamowa za ta kama zuwa tsakiyar 2026, sama da 41,000 mai tsanani. Firaministan Isra'ila, Netanyahu, ya ce ƙarya ce. Kotun duniya da ke Hague, a ƙarar da Afirka ta Kudu ta shigar, tun Janairu da Maris na 2024 ta umarci a bar agaji ya shiga. A Nuwamban shekarar kotun manyan laifuka ta ba da sammacin kama Netanyahu da Gallant, cikin tuhumar har da mai da yunwa makami. Rufewar mako 11 bayan duk takardun nan ta zo.

A Yammacin Kogin Jordan, da ke ƙarƙashin mamaya tun 1967, babu yunwa irin wannan, amma farkon 2025 an kori mutum wajen 40,000 daga sansanonin Jenin da Tulkarm da Nur Shams, kuma har yau ɗan shekara 12 kan iya tsayawa gaban kotun soja.

An tsagaita wuta ranar 10 ga Oktoban 2025, bayan ma'aikatar lafiyar Gaza ta ƙirga gawa sama da 67,000, yara wajen 20,000. A Disamba IPC ta ce an fita daga matakin ƙarshe, amma mutum miliyan 1.6 na cikin matsananciyar yunwa. Na ji ana hamdala, ni ma na yi. Sai dai na san abin da ke biyo bayan tafiyar ƴan jarida. Yaron da aka sallama a kore, in ya koma gidan da ba komai, bayan wata biyu uwar za ta dawo miki da shi a ja. Wanda kuma yunwa ta kama tun yana ciki zuwa shekara biyu, ko ya rayu takan bar masa tabo a tsawo da ƙwaƙwalwa. Sama da rabin yaran jiharmu tsawonsu bai kai na shekarunsu ba. Yaran 2005 yau samari ne da matan aure, ina ganinsu, wasu na kawo mini nasu ƴaƴan awo. Na Gaza kuwa ga wannan, ga maraici, ga yankakkun ƙafafu, ga ɗalibai sama da 600,000 da suka yi shekara biyu ba lakwal.

Mu a 2005 ba leda kaɗai ta fid da mu ba, kaka ce. Ruwa ya yi kyau, Satumba ta zo, yara suka soma gasa tumu, rajista ta riƙa raguwa da kanta. Mutanen Gaza manoma ne su ma, suna da zaitun da lemo da tumatir da kaji da kifi. A Agustan 2025 hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta ce gonakin da suka rage lafiya kuma ake iya kaiwa gare su kashi 1.5 ne cikin 100. An tumɓuke itatuwa, rijiyoyin ban ruwa sun rushe, dabbobi sun ƙare, kuma bayan tsagaita wutar fiye da rabin zirin, inda mafi yawan gonakin suke, ya zauna a hannun sojojin Isra'ila. Abincinsu a mota zai ci gaba da zuwa, ta ƙofofin da aka rufe ranar 2 ga Maris, kuma masu gadin ba su canza ba.